Yadda Ake Sayen Waya da Katin Kira Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

Mai amfani da layin da ake sa wa kati kafin a yi kira yana da wata dama wadda mai biyan kuɗin wata-wata bisa yarjejeniya ba shi da ita, domin babu takardar da ta ɗaure shi, kuma duk ranar da ya ga dama zai iya sauya tsarin da yake kai ko ya koma wani kamfani gaba ɗaya. Sai dai yawancinmu ba ma cin moriyar wannan dama. Mukan sayi kati ne idan ya ƙare, mu sayi data idan ta yanke ana tsakiyar aiki, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa zama ya lissafa abin da wayarsa ta ci masa a shekara guda. Kuɗin suna fita kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba a jin zafinsu. Abin da ya kamata mutum ya riƙe tun farko shi ne cewa farashin da aka rubuta a jikin talla ba shi ne ainihin farashin ba. Ainihin farashin shi ne abin da ka biya a kan abin da ka yi amfani da shi kafin wa'adinsa ya cika, kuma wannan lissafi babu kamfanin da zai yi maka shi.

Fara da sanin yawan abin da kake ci

Kafin ka kwatanta wani tsari da wani, sai ka san kanka tukuna. Ka ware wata guda cur kana rubuta duk katin da ka sa da duk datar da ka saya, tare da ranar da ka saya da ranar da ta ƙare. Wayar ma za ta taimake ka a nan. A wayoyin Android, idan ka shiga saituna ka nemi sashen intanet, za ka ga jimillar datar da aka ci a cikin wata da kuma abin da kowace manhaja ta ci ita kaɗai. A iPhone ma akwai wannan lissafi a sashen datar layi, amma galibi ba ya komawa sifili da kansa a ƙarshen wata, don haka sai ka gangara ƙasa ka share tsohon lissafin da hannunka a ranar da za ka fara ƙirga, in ba haka ba za ka ga adadin da ya taru tun ranar da aka fara kunna wayar, ka tsorata a banza.

Game da kira, abubuwa uku ake so ka lura da su: yawan mintunan da kake yi, tsawon kowane kira, da kuma layukan da ka fi kira. Mutumin da ke yin kira ashirin a rana, kowanne na 'yan daƙiƙu, buƙatarsa daban take da ta wanda ke kiran mutum biyu kawai amma yana shafe rabin awa da kowannensu, ko da jimillar mintunansu ta zo ɗaya. Za a ga dalilin haka a gaba.

Lissafin ƙunshin data

A nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta, don haka a nan ya kamata a fi tsayawa. Matakin farko mai sauƙi ne: ka raba farashin kowane ƙunshi da yawan gigabait ɗin da ke cikinsa, ka ga nawa kowane gigabait ya kama. Kusan ko'ina za ka tarar cewa babban ƙunshi ya fi ƙarami araha idan aka bi wannan ma'auni, kuma a kan wannan ne tallace-tallace suke dogara. Amma ma'aunin bai cika ba sai an haɗa da wa'adi. A ƙaddara cewa ƙunshi mai gigabait 10 ya fi mai gigabait 5 tsada da rabi kawai, kuma dukansu na wata guda ne. Ga wanda ke cin gigabait 9 a wata, babban ya fi, domin idan ya sayi ƙaramin sau biyu zai biya ninki biyu a maimakon ɗaya da rabi. Ga wanda ke cin gigabait 4 kuwa, sayen babban asara ce tsagwaronta, domin ya ƙara rabin kuɗi a kan gigabait 6 da za su ƙone yana kallo. Ƙunshi ɗaya ne, farashi ɗaya, amma riba ce ga wani, hasara ga wani.

Sai kuma batun abin da ake kira wata. Kamfanoni da dama suna sayar da ƙunshi na kwana 28 suna kiransa na wata, kuma bambancin kwana biyu ko uku ba ya ɗaukar hankalin kowa. Amma idan ka raba kwana 365 da 28 za ka sami 13, wato mai irin wannan ƙunshi yana biya sau 13 a shekara, ba sau 12 ba. Wannan ya zama babban abin ƙorafi a Indiya har hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, TRAI, ta umurci kamfanoni a 2022 da su samar da aƙalla tsari ɗaya mai wa'adin kwana 30. Saboda haka idan kana kwatanta ƙunshi biyu masu wa'adi daban-daban, ka mayar da kowanne zuwa abin da zai ci a shekara, ko kuma a rana guda, sannan ka yanke hukunci.

Tambaya ta gaba ita ce makomar ragowar data idan wa'adi ya cika. Wasu kamfanoni suna ɗora ta a kan sabon ƙunshi muddin ka sabunta kafin tsohon ya mutu, ko a cikin 'yan kwanakin da suka ba da na alfarma, wasu kuwa suna share ta nan take. Idan kamfaninka yana ɗorawa, to ka sa ƙararrawa a waya ta tuna maka kwana ɗaya kafin cikar wa'adi, domin jinkirin sa'a guda yana iya cinye ragowar da ka tara wata da watanni. Tambaya mai kama da wannan, wadda ta fi ta haɗari, ita ce abin da ke faruwa idan data ta ƙare alhali akwai kati a layin. A tsare-tsare da yawa intanet ba ya tsayawa, sai ya koma cin katin kira kai tsaye a farashin da ya ninka na ƙunshi sau da yawa, har mutum ya wayi gari ya tarar da layinsa fanko bai kira kowa ba. A Afirka ta Kudu sai da hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, ICASA, ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 2019, cewa ba za a caji mutum haka ba sai da amincewarsa, kuma a ba shi damar ɗora ragowar datarsa. A inda babu irin wannan kariya, ka tambayi kamfaninka ko akwai lambar da ake dannawa a toshe wannan hanya, idan babu kuma ka sa wa wayar iyaka a saituna yadda za ta kashe data da kanta idan ta kai adadin da ka saya.

Garaɓasa tana da daɗin ji, amma kusan kullum tana zuwa da sharaɗi. Akwai wadda sai da tsakar dare take aiki, akwai wadda ke ƙarewa cikin kwana uku ko bakwai, akwai wadda ba ta buɗe komai sai wasu manhajoji ƙalilan, akwai kuma wadda ba a fara cinta sai ainihin datar ta ƙare, lokacin da wa'adinta ya riga ya wuce. Shawarata ita ce ka lissafa ƙunshi kamar babu garaɓasar, idan har ya yi maka a haka, to abin da ya biyo baya ƙari ne. Datar dare tana da amfani sosai ga wanda ke sauke manyan fayiloli ko sabunta manhajojin kwamfuta kuma zai iya tsara aikin ya gudana yana barci, amma wanda ke barin barcinsa don kada garaɓasa ta ƙone, yana kallon abin da da rana ba zai kalla ba, bai ci riba ba. Haka nan tsarin da ake tallatawa da sunan marar iyaka, galibi akwai wani adadi da idan ka kai shi za a rage maka gudu har bidiyo ya daina tafiya, kuma wannan adadi yana cikin ƙananan rubutun sharuɗɗa. Shi ne ainihin girman ƙunshin, shi za ka nema.

Sabuntawa ta atomatik kuma takobi ce mai kaifi biyu. Ga wanda ya riga ya gano ƙunshin da ya dace da shi, tana kare shi daga mantuwa da ƙonewar ragowa. Ga wanda ya sayi ƙunshin kwana ɗaya don wata buƙata ta gaggawa ya manta bai soke ba, za ta riƙa cire kuɗi kowace safiya har sai ya farga.

Kira da saƙo

Dalilin da ya sa aka ce ka lura da tsawon kiranka shi ne yadda ake ƙirga lokaci. Wasu tsare-tsare suna caji bisa daƙiƙa, wasu bisa cikakken minti, ta yadda kiran minti ɗaya da daƙiƙa biyar zai zama minti biyu. Ɗauki mai yin gajerun kira goma, kowanne na daƙiƙa 20. Jimillar maganarsa minti 3 ce da daƙiƙa 20, amma a tsarin minti za a caje shi minti 10, wato ninki uku na abin da ya yi. Irin wannan mutum ya fi samun sauƙi a tsarin daƙiƙa ko da farashin mintinsa ya ɗan fi tsada a rubuce. Akwai kuma tsarin da ke tsawwala farashin mintin farko na kowace rana, ko ya cire wani kuɗi na shiga, sannan ya sauko sosai a sauran kiran ranar. Wannan na mai dogon zance ne, kuma yana cutar da wanda ke yin kira ɗaya tak a yini. Idan yawancin mutanen da kake kira suna kamfani ɗaya, ka duba ko kiran cikin gida ya fi na zuwa wani kamfani araha, domin a wasu ƙasashe tazarar tana da yawa, a wasu kuma an daidaita su.

Kira ta intanet, kamar na WhatsApp ko Signal, a mafi yawan lokuta ba ya cin megabait ɗaya a minti idan murya ce kawai, saboda haka ga kiran ƙasashen waje babu wani tsarin kati da zai iya gogayya da shi. Kiran bidiyo ya ninka wannan sau da yawa. Duk da haka bai kamata a bar layi babu kati kwata-kwata ba, domin akwai lokacin da intanet zai ƙi, ko wanda ake nema bai kunna data ba.

Ga wani abu da masu rubutu da Hausa ya kamata su sani game da saƙon tes. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada. Da zarar ka sa harafi ɗaya da ba ya cikin jerin, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ɗaya daga cikin 'yan hotunan fuskar nan, sai wayar ta sauya salon rubutun gaba ɗaya, iyakar saƙon ta sauko zuwa haruffa 70. Saƙon da da zai tafi a matsayin ɗaya sai ya rabu uku, a caje ka kuɗin uku. Ni ina son a rubuta Hausa da haruffanta daidai, amma wanda ke tura saƙon tes ga mutane da yawa a lokaci guda ya dubi ɗan ƙirgen da ke gefen akwatin rubutu kafin ya danna.

Rancen kati, wanda kamfanoni ke bayarwa idan layi ya bushe, yana fitar da mutum kunya a lokacin matsuwa, amma ana cire lada tun kafin kuɗin su shigo. Idan ladan ya kasance kashi 10 cikin 100, misali, to wanda ya mayar da rance al'adarsa yana zubar da kashi ɗaya cikin goma na duk kuɗin katinsa na shekara a kan jinkirin kwana ɗaya ko biyu. Sai kuma ƙananan rajistocin da ke cin kuɗi a ɓoye. Na taɓa lura cewa katina yana raguwa ko a ranar da ban taɓa wayar ba, sai na duba ragowar da dare na rubuta a takarda, da safe na sake dubawa na ga an ɗebi wani ɗan abu. Da na kira masu kula da abokan hulɗa na kamfanin, sai aka shaida mini cewa an yi mini rajistar wata waƙar jiran kira da wani saƙon labarin wasanni, waɗanda ban san lokacin da na amince da su ba, wataƙila wani saƙo ne ya faɗo a fuskar wayar na danna don in kawar da shi. Sun fi wata huɗu suna ci. Gwajin bai fi minti biyu ba: duba ragowa da dare bayan ka kashe data, ka sake dubawa da safe.

Duk wannan lissafi ba shi da amfani idan kamfanin da ya fi araha ba shi da sabis a inda kake kwana da inda kake aiki. Taswirar da kamfanoni ke wallafawa tana nuna abin da ake sa ran samu a fili ne, ba abin da zai ratsa bangon ɗakinka ba. Hanya mafi inganci ita ce ka sayi layin gwaji ka sa masa ƙaramin ƙunshi na mako guda, ka gwada shi da safe da kuma da yamma lokacin da kowa ya hau intanet, domin yawan sandunan sabis a fuskar waya ba ya nuna cunkoson da ke kan turken sadarwa. Waya mai layi biyu tana sauƙaƙa wannan, kuma tana ba ka damar ajiye lambar da aka san ka da ita don kira, ka riƙa sayen data a duk inda ta fi araha a wannan watan. Idan ka yanke shawarar ƙaura gaba ɗaya, ƙasashe da yawa suna ba da damar komawa wani kamfani da lambarka, sai dai ka cinye ragowar kati da data kafin ka tafi, domin galibi ba sa bin ka. Kada kuma ka raina ƙananan kamfanonin da ba su da turakun kansu, suna hayar na manya ne suna sayarwa da rahusa. Sabis ɗinsu na babban kamfanin ne, ko da yake a wasu wurare ana fifita abokan hulɗar mai turken idan cunkoso ya yi yawa.

Ita kanta wayar

An ce araha ba ta ado, kuma a harkar waya maganar tana da lissafi a bayanta. Wayar da za ta yi wata 18 ta gaji, da wadda ta fi ta tsada da rabi amma za ta yi wata 36, ta biyun ta fi araha da kashi ɗaya cikin huɗu a kowane wata. Wannan ba ya nufin a sayi mai tsada don tsadarta. Abin da ake nema shi ne matsakaiciyar da ba za ta tsufa da wuri ba, kuma abubuwan da ke tsufar da waya sanannu ne.

Na farko shi ne kulle. Wayar da kamfanin layi ke sayarwa da rahusa tare da layinsa sau da yawa a kulle take, ba ta karɓar layin wani kamfani, wato rahusar da aka yi maka za ka biya ta a hankali ta hanyar rasa 'yancin sauya layi. Kanada ta hana sayar da wayoyi a kulle tun Disambar 2017, Birtaniya ma ta bi sahu a Disambar 2021, amma a wurare da yawa har yanzu ana yi. Ka tambaya kafin ka biya, ka kuma ji sharaɗin buɗewa. Haka wayoyin da ake biya kashi-kashi, da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wata manhaja da ke rufe wayar daga nesa idan an yi jinkirin biya, kuma idan ka tara duk kason za ka ga ya zarce farashin saye hannu da hannu, wani lokaci da tazara mai yawa. Ka tara su a takarda tukuna.

Na biyu shi ne irin sabis ɗin da take kamawa. Manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022, na Ostareliya a 2024, kuma wasu ƙasashe suna kan hanya. Wayar da ba ta iya yin kira ta kan 4G, abin da ake kira VoLTE, tana iya zama marar amfani ranar da aka rufe tsohon tsarin a inda kake. Ban da haka, kowane kamfani yana da zangon mitar da yake aiki da shi, don haka wayar da aka ƙera don wata nahiya tana iya kama 4G da rauni ko ta ƙi kamawa a wata. Game da 5G kuwa, ba na ganin hikimar ƙara kuɗi saboda shi idan bai iso inda kake zaune ba, kuma ko ya iso, saurin ba ya rage kuɗin data, sau da yawa ma yana sa a ci fiye da da.

Na uku shi ne ƙarfin cikinta. Girman kyamara da yawan idanunta su ake tallatawa, amma abin da ke sa mutum ya tsani wayarsa bayan shekara guda shi ne ƙarancin RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita, da cikewar ma'adana. A ganina, wanda zai riƙa amfani da manhajojin zumunta da na banki kada ya sauka ƙasa da RAM mai gigabait 4 da ma'adana mai gigabait 64, kuma 128 ta fi kwanciyar hankali, domin tsarin wayar kansa yana cinye wani kaso tun kafin ka ɗauki hoto ɗaya. Idan kuɗin ba su kai ba, wayar da ke ɗauke da Android Go, wanda Google ya fitar a 2017 don ƙananan wayoyi, ta fi wadda aka cusa wa cikakken Android a kan ƙaramin ƙarfi. Ka kuma bincika shekarun da kamfanin ya yi alkawarin aiko da sabuntawar tsaro. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 da Galaxy S24, alhali wasu wayoyi masu araha ba sa samun ko shekara biyu, kuma manhajojin banki sukan daina aiki a kan tsohon tsari. Wanda kira da saƙo kawai yake yi, ƙaramar waya mai madannai da ke kama 4G ta ishe shi, kuma cajinta yana kwanaki.

Wayar da aka taɓa amfani da ita tana iya zama ciniki mafi kyau a duk kasuwar, idan an duba ta da kyau. Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da rasit, domin wayar da aka kai rahoton sace ta ana iya toshe ta ta wannan lamba. Ka sa layinka a ciki ka yi kira, ka kunna data, ka gwada lasifika da makirfo da ramin caji. Ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo a gilashin, sannan ka ja yatsa a kowane lungu ka ga ko akwai inda ba ya amsawa. Mafi muhimmanci, mai sayarwa ya cire asusunsa na Google ko na Apple a gabanka, a goge wayar a sake kunna ta kana tsaye, domin idan ta nemi kalmar sirrin tsohon mai ita bayan ka tafi, ka sayi dutse. Batir kuwa yana tsufa da yawan caji. Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace shi an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma ana ganin kason ƙarfin da ya rage a saitunan batir. Idan ya sauka ƙasa da haka, ka cire kuɗin sabon batir daga farashin.

Bayan an sayi waya da ƙunshin da suka dace, sauran aikin shi ne toshe ramukan da data ke zurarewa, kuma bidiyo ne babban rami. Netflix ya bayyana cewa kallon awa guda yana cin kusan gigabait 0.3 a ƙaramin inganci, yana kaiwa gigabait 3 a babban inganci, wato ninki goma a kan fim ɗaya, kuma a ƙaramin gilashin waya ido ba ya ganin bambancin da ya kai haka. Ka sauke ingancin bidiyo a YouTube zuwa 360p ko 480p, ka hana bidiyo tashi da kansa a Facebook da Instagram, ka kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a zaurukan WhatsApp, ka kuma umurci wayar kada ta sabunta manhajoji ko ta kwafe hotuna zuwa intanet sai a kan Wi-Fi. Android yana da maɓallin tsimin data tun fitowar Android 7 a 2016, iPhone ma yana da irinsa tun iOS 13 a 2019, kuma dukansu suna hana manhajoji ci a bayan fage. Idan za ka raba wa kwamfuta data daga wayarka, ka shiga saitunan Windows ka nuna mata cewa wannan intanet ɗin a ƙirge yake, in ba haka ba tana iya fara sauke sabuntawa mai gigabait da yawa ba tare da ta tambaye ka ba.

Wajen sayen katin kansa, ka kwatanta hanyoyin da ke gabanka, domin manhajar kamfanin layi takan ƙunshi tayin da ba a samu ta lambobin dannawa, wasu bankuna da manhajojin biyan kuɗi kuma sukan mayar da wani ɗan kaso. Ka karanta lambar da za ka tura wa sau biyu kafin ka tabbatar, domin katin da ya faɗa layin wani da wuya ya dawo, kuma kada ka karanta wa kowa lambobin katin gogewa ko lambar sirrin da aka turo maka ta saƙo, ko da ya ce daga kamfani yake kira. Layin gwaji ko na ajiya da ka daina amfani da shi ma yana buƙatar kulawa, domin kamfanoni suna karɓe layin da ya daɗe babu motsi su sayar wa wani, kuma tsawon lokacin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan ka taɓa haɗa wannan lamba da asusun banki ko imel ko WhatsApp, ka sauya ta a waɗannan wurare kafin ka yar da layin, ko kuma ka tambayi kamfanin wa'adinsa ka riƙa yin ɗan kira ɗaya da shi kafin wa'adin ya cika.